Ga Gajera Nan Na Ba Ka

Kazaure, ranar Laraba da hantsi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗan Goggo, sabon ma'aikacin gidan waya na Jos.

Gaisuwa mai yawa daga Addarka. Haka na saba kiranka, haka ka saba kirana, mu bar shi a haka tukuna. Ina fatan wannan takarda ta same ka ka sauke kaya lafiya, kai da matarka Asabe da abin da take ɗauke da shi. Allah Ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, Ya sa ruwan garin ya karɓe ku, Ya haɗa ku da maƙwabtan da za su riƙa tambayar kwananku. Amin.

Kada ka yi wa rubutuna dariya. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, layukan nan kuwa ko na roƙe su ba sa tafiya a miƙe. Tunda an ce aikinka rarraba wasiƙun mutane ne, to ga ta farko, kuma ko kan sarki ban manna mata ba. Zan naɗe ta a tsumma in ɗaure a jikin turken Gajera, tuffar nan tawa da za a ɗora maka a mota gobe cikin rabin duro. Na san ba za ka gan ta ba sai ka isa. Da gangan na yi, don abin da ke ciki ba zan iya faɗinsa kana tsaye a gabana ba.

Shekaranjiya da safe ka shigo gaishe ni, ka tarar da ni tsugune a gindin Gajera ina ba ta ruwa, bakina yana motsi. Ka tsaya a kaina ka ce, "Adda, itacen nan dai ya more. Kullum sai an yi masa hira." Ka yi dariya. Na san irin wannan dariyar, ta mahaifinka ce, wadda yake yi in abu ya soke shi. Asabe ta sunkuyar da kai, ni kuma na ci gaba da zuba ruwa kamar ban ji ba, yadda na saba yi maka shekara ashirin da biyar. To, na ji. Na ce a raina ba za ka hau dutsen Jos kana tunanin uwar da ta haife ka ta fi son itace a kanka ba. Shi ya sa jiya na sa aka tono ta da ƙasarta, na ba ka. Zan gaya maka yadda ake riƙe ta, da duk inda na yi ɓarna kafin in iya. Ka daure ka karanta har ƙarshe, ban da karatun tsallake-tsallake.

Ka san mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, fataucin shanu ya yi daga kasuwar Babura zuwa Jos. A wata tafiya zazzaɓi ya kwantar da shi a can, bakinsa ya ƙi karɓar komai, sai wani mai lambu ya yanka masa tuffa. Da ya dawo ya ishe ni da labari, wai tana da ɗan tsami, tana da zaƙi, in ka gatsa har ƙara take yi. Na ce, "To Malam, labari za mu ci? Ka zo mana da ita mana." Ya ce, "'Ya'yan a rana ɗaya za su ƙare. Uwar zan kawo miki." Haka kuwa aka yi. Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai ya sauko daga mota rungume da dashe a cikin gwangwani, irin gajeren nan mai aure, wato an haɗa reshen wani itace a kan gindin wani, wanda ko ya tsufa ba ya wuce mutum ya miƙa hannu ya tsinka. 'Yan unguwa suka sha dariya. Tuffa a Kazaure, inda duwatsu ke gasa ƙadangare da bazara! Ni kuwa ka san halina, dariyar ce ma ta sa na ɗaura ɗamara.

Wannan ta farko, so ne ya kashe ta. Ni 'yar makiyaya ce daga wata ruga a ƙasar Roni, abin da na tashi na sani shi ne in kana son abu ka ƙosar da shi. Na kwaso ɗanyen kashin shanu na jibga mata har wuya. Ruwa kuwa safe, rana, yamma, har tsarin gero ina juye mata. Da na ga wani ƙulli a ƙasan jikinta, inda aka haɗa auren, sai na ɗauka ciwo ne, na tara ƙasa na rufe shi don kada iska ta shiga. Ganye ya fara rawaya, na ce ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Ba ta yi wata uku ba na kama ta da hannu ɗaya ta fito, saiwar ta yi baƙi tana wari. Mahaifinka ya duba ya ce, "Ko jariri aka yi wa irin wannan ɗurar ai sai ya tafi." Kwana biyu ban yi masa magana ba, don ya faɗi gaskiya.

Saboda haka ka ji. Ka nemi inda rana ke samu tun da safe, kuma ruwa ba ya kwanciya. Ka haƙa rami mai faɗi, ba sai ya yi zurfi ba. Ƙullin nan ya zauna a sarari, yatsa huɗu sama da ƙasa, har abada. In ka binne shi ta daina zama gajera, in ma ba ta ruɓe ba. Taki sai wanda ya shekara ya huce, kuma a kewaye za ka zuba, kada ya taɓa jikinta. Ruwa garwa ɗaya, sau biyu a mako da rani, a zuba a hankali ya nutse. Kafin ka ƙara, tura yatsa cikin ƙasa, in da damshi mayar da garwarka. Ka baza ɓawon gyaɗa a gurbin, ka bar tazarar tafin hannu daga gindin, ka barbaɗa toka saboda gara. Turken da na haɗo maka kuwa ba ado ba ne, saiwar gajera ba ta nisa, iska kaɗan sai ta kwantar da ita. Da tsumma za ka ɗaure, sako-sako, ban da waya. Kuma ka yi shinge tun ranar farko, don akuyar Jos ma akuya ce.

Wannan maganar ba ta tsaya kan itace ba. Ina ganin samarin yanzu, tunda albashi ya kumbura, kowa sai ya cika ɗaki da rediyo da kujeru ya ce ya gama da iyali. Kafin ka jibga wa Asabe kaya, ka zauna ka tambaye ta me ke damunta. Za ta je garin da ba ta san kowa ba, ga ciki, ga sanyi. Wata ranar zaman da za ka yi kusa da ita kawai take bukata.

Ta biyu girman kai ne ya kashe ta, kuma nawa ne. Sai da aka yi shekaru kafin mahaifinka ya yarda ya sake kawowa. Wannan karon na kiyaye ruwa, ta kama, ta yi shekara biyu. Sai wani toho ya ɓullo daga ƙasan ƙullin. Kai, ka ga ƙarfi! Cikin damina ɗaya ya kere uwar, ganye shar, jiki sumul. Na saman kuwa ga shi nan dai siriri, kamar maraƙin da aka yaye da wuri. Na yi irin tunanin makiyaya, a bar mai ƙarfi a fitar da rarrauna. Na ɗauko lauje na fille na saman, na zauna ina jiran tuffa.

A lokacin an kawo wani malamin gona garin nan, mutumin Pankshin. Matarsa Saratu takan shigo sayen man shanu a wurina. Ran nan ta tsaya a kan itacen, ta zagaya shi, ta riƙe haɓa.

"Mama, wa ya yanke kan wannan?"

Na ce, "Ni. Ba ki ga yadda ya yi kyau ba?"

Ta ce, "Wayyo Mama! Ai tuffar kika yanke kika yar. Wannan da kika bari ɗan dako ne kawai, aikinsa ya ɗauki na sama. Ko shekara ashirin ya yi, abin da zai ba ki ko akuya sai ta yi tunani kafin ta ci."

Raina ya ɓaci. Yarinyar da na girme wa nesa ba kusa ba, ta shigo har gidana ta koya mini itace? Na ce mata man ya ƙare, alhali ƙwarya cike take. Ta fita ba ta sake dawowa ba. Na ci gaba da yi wa ɗan dakon nan bauta shekara biyu cur, kuma shekarun farin nan ne, lokacin da rijiyar unguwa sai an yi layi, shanu na faɗuwa a hanyar Babura. Ruwan da na hana kaina wanka da shi na ba shi. Ko fure ɗaya! Ranar da na gaji na sare shi, na cika kwano da man shanu, na yafa mayafi na tafi har gidan Saratu na ce, "'Yata, na zo a koya mini." Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta shimfiɗa mini tabarma.

Don haka duk tohon da ya fito daga ƙasan ƙulli, ko ya kai me kyau, ka ɓalle shi da yatsa tun yana ɗanye. Kada ka ji tausayinsa, abincin uwar yake sata. Kuma in wanda ya fi ka sani ya gyara maka, ko ƙaninka ne, ko ba addininku ɗaya ba, ko Hausarsa ba ta fita sosai, ka ce na gode. A ofishin nan za ka tarar da tsohon masinjan da bai yi rabin karatunka ba, amma ya san kowane lungu da kowane hali. Ka gaishe shi da safe, ka tambaye shi. Matambayi ba ya ɓata, ni da na ƙi tambaya ka ga garwa nawa na ɗauka a banza.

Gajera ita ce ta uku, ita ce kuma tsarabar mahaifinka ta ƙarshe. Da kaka ya kawo ta, bai ga sabon ganyenta ba. A cikin takaba na raine ta. Da sanyi ya tsananta Saratu ta zo da wuƙar mijinta ta ce lokacin aski ya yi. Na tare ta na ce, "Ba mai sa wa abin da Malam ya bari ƙarfe." Ta ce, "Mama, in ba ki yanka ba iska za ta yanka miki, ita kuwa ba ta iya ba." Na ƙi. Rassa suka fito ta ko'ina suka cukurkuɗe, biyu suka tashi daga wuri ɗaya suna gasar tsawo. Hadarin farko na damina ya zo da iska, na fito na tarar ɗaya ya tsage ya yago ɓawo. Ka duba gefenta za ka ga tabon. Saratu ta zo ta gyara wurin ta ɗaure, ko "ai na gaya miki" ba ta ce ba, wannan kuwa ya fi mini zagi ciwo.

Yanzu na iya, kuma duk Kazaure ba mai hannuna a wannan aiki, ko da yake ni kaɗai ce mai tuffa. Ga yadda ake yi. Sau ɗaya a shekara, tsakiyar sanyi, lokacin da take hutu. Ka wasa wuƙa har ta iya aske gashin hannu, ka ɗauraye ta da ruwan zafi. Kada ka faɗa mata da yanka. Zagaya ta sau uku tukuna, hannunka a baya, ka dube ta kamar mai sayen saniya. Sannan ka cire busasshe, ka cire mai ciwo, ka cire wanda ya juya yana komawa ciki. In biyu suna gogar juna, ɗaya ya tafi. Shugaba ɗaya ake bari a tsakiya ya miƙe sama. Manyan rassa huɗun da na bar mata, kowanne na kallon ɓangarensa, su ne gidan, kada ka taɓa su sai dai ka rage musu tsawo kaɗan. In za ka rage, nemi ido, wato ɗan kumburin da sabon reshe ke fitowa, ka zaɓi wanda ke kallon waje, ka yanka dab da samansa a karkace don ruwa ya zame. Kada ka bar kututture, kada kuma ka shafe har jikin uwar. In ka gama, ya zama tsuntsu zai iya ratsa ta ya wuce bai taɓa fiffike ba. Amma fa kada daɗin wuƙa ya ɗebe ka. Da ka cire kashi ɗaya cikin huɗu, mayar da ita kube, sauran sai baɗi. Na bana na riga na yi mata, kada ka ƙara.

Duwatsu huɗu da za ka gani a cikin duron, ɗaure da tsumma, ba tsarabar Kazaure ba ce. Reshen da ya miƙe sama ganye kawai yake yi, wanda ya ɗan kwanta shi ke fure. Sai a rataya masa ƙaramin dutse ya sunkuya a hankali, ba har ya karye ba. Ranar da na fara ratayawa, matar mai unguwa ta leƙo ta katanga ta ce, "Ke kuwa, wane malamin ne ya ba ki wannan laƙanin?" Na ce na Pankshin ne, kuma mace ce. Da ta ga kuma na zauna ina tsige ganyen ɗaya bayan ɗaya, sai labari ya zaga unguwa wai mutuwar Malam ta taɓa ni. Oho dai. Nan garin sanyinmu ba ya isa ya sa ta zubar da ganye, dole a tsige mata don ta san lokacin hutu ya yi. A Jos wataƙila ba sai ka yi ba. Ka sa ido, in ta zubar da kanta to, in ta ƙi ka taimaka mata.

Bara ta yi fure. Fari ne da ɗan ja-ja a baki, guda goma sha ɗaya, na ƙirga. Na aika a kira mini Saratu. Ta duba ta ce, "Madalla. Yanzu sai ki tsinke su duka." Na ce, "Kin haukace ne?" Ta ce, "Ƙarama ce, Mama. In ta riƙe 'ya'yan fari, ƙarfinta can zai tafi, ba za ta ƙara girma ba. Don ita ake cirewa." Wannan karon ban yi gardama ba. Na tsinke su da hannuna na tara a gefen zane. Sai ga ni ina kuka, kuka na gaske, har Saratu ta tsorata tana cewa ai baɗi za ta sake yi. Ba ta san ba furen nake yi wa ba.

To, ga ɓarnar da ta fi duka, ita ce kuma dalilin takardar nan.

Kai ne ɗana na fari, kuma sunan surukina aka sa maka, kunya biyu ke nan, ba dama in faɗi sunanka. Ranar da aka yaye ka, Goggo, yayar mahaifinka, ta goya ka ta tafi da kai Gwiwa. Haka aka yi wa uwata, haka aka yi mini. Ina daka a lokacin, na ci gaba da dakana. Ka tashi kana ce mata Inna, ni kana ce mini Adda kamar wata yayarka. Ban ga laifin Goggo ba. Ta riƙe ka da amana, ta sa ka makaranta lokacin da wasu ke ɓoye nasu a rumbu, kuma ina umartarka kada wata ya wuce ba ka rubuta mata ba. Ban kuma ce kunya banza ce ba, ita ta riƙe gidajenmu. Amma ni na wuce gona da iri, kuma na san ranar.

Kana da shekara takwas Goggo ta kawo ka hutu. Ka hau dutsen bayan gida ka zamo, girarka ta hagu ta fashe. Ka shigo da gudu, jini ya rufe maka ido. Tsakar gida cike da mata ana ɓarar gyaɗa, kakarka na zaune, Goggo na bakin ƙofa. Ka wuce kowa, ka wuce Goggo, ka zo ka rungume ƙafafuna. Har yau ban san wa ya gaya maka ni na haife ka ba. Mata suka zuba mini ido. Ni kuwa na sa hannu na ɓamɓare yatsunka daga zanena ɗaya bayan ɗaya, na ce, "A zo a ɗauki yaron nan." Aka yaba mini. Kakarka ta ce, "'Yar gidan mutunci ke nan." Na shiga ɗaki na cire zanen da jininka a jiki na tura ƙasan akwati. Yana nan har yau ban wanke ba.

Wallahi da na tsuguna na share maka jinin nan, ba wanda zai kashe ni. Iyaka a yi mini tsiya kwana biyu a manta. Na zaɓi yabon mata. Daga ranar ba ka sake rugowa wurina ba. Ka zama mai gaisuwa daga nesa, mai ladabi, mai shiru, kowa na yabonka. Duk sanda ka durƙusa gaishe ni, tabon nan nake satar kallo, kai kuma kana ɗauka kawar da kai nake yi. Furen Gajera don amfaninta aka cire. Hannunka da na ɓamɓare fa, don amfanin wa? Shekara goma sha bakwai ina neman amsa ban samu ba. Na yi kuskure, ka yafe mini.

Yanzu bari in gaya maka hirar da nake yi da itace. Ba a daɗe da faɗuwarka ba mahaifinka ya kawo tuffar farko. Wata safiya na tsuguna ba ta ruwa, na duba ba kowa kusa, itace kuma ba ya kai gulma, sai na faɗi sunanka a hankali don in ji yadda yake a bakina. Tun daga ranar, kowace safiya, a gindin ta farko, da ta biyu, har ɗan dakon banzan nan, da Gajera, abin da nake yi ke nan. In kira sunanka sau uku, in ce Allah Ya tsare, Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa, Allah Ya ba da mace tagari, Allah Ya ba da aiki. Shekarun da babu itace a gidan, randa na riƙa yi wa. Shekaranjiya da ka tsaya a kaina kana cewa itace ya more, sunanka ne a bakina, ban ma kai ga na uku ba.

Kada ka ce na raba kaina da abin da nake so. Gajera ba za ta haihu a nan ba, na daɗe da sani. Kafin a mayar da su Saratu gida ta gaya mini gaskiya. Zafinmu zai zubar da 'ya'yan tun suna kamar magarya, kuma tuffa ba ta cika haihuwa ita kaɗai ba, sai da 'yar'uwarta kusa, ƙudan zuma na kai-komo tsakaninsu. A can akwai su. Ka tambayi masu lambu, ka samo wata iri daban ka dasa taku kaɗan daga ita. Tambayar za ta shigar da kai gidajen mutane, abin da nake so ke nan, don ka gado ni wajen rufe baki da zama kai kaɗai, kuma ba gadon arziki ba ne. In ta yi fure bana ka tsinke, tana jinyar tafiya. Baɗi ka bar mata kaɗan, ɗaya a kowane gungu.

Sai maganar cikin Asabe. In Allah Ya sauke ta lafiya aka zo yaye, za a aiko. Goggo za ta ce a ba ta, dangin Asabe za su ce a ba su, ni kaina wataƙila kaɗaici ya sa in aiko. Ka ba kowa haƙuri cikin ladabi, har da ni, in na matsa ka nuna mini takardar nan. Ku riƙe abinku. In kunya ta kama Asabe a gaban mutane ba laifi, ta yi kunyarta, amma ka gaya mata in ji ni, ranar da ɗa ya rugo da jini babu kunya. Kai ma ka ɗauke shi ka aza a kafaɗa, ka kira sunansa da ƙarfi, ko sunan wa aka sa masa.

Ka san har yau ban taɓa sa tuffa a bakina ba? Yanzu da kuɗin man fetur ya buɗe hanyoyi, ga ta nan ana kawowa daga Kano, jajaye, kowace a naɗe cikin takarda. Sau biyu ana kawo mini tsaraba ina bayarwa. Ba ita Malam ya yi mini alkawari ba. Tawa tana cikin rabin duron da ke gabanka, kuma na tabbata za ta yi in Allah Ya yarda, don na san hannun da na ba. In ta nuna, kada ka kuskura ka aiko mini ta gidan wayarku. Ka sako ta a aljihu ka kawo da kanka. Ka zo da rana tsaka, lokacin da tsakar gida ke cike da mata, ka tsaya a zaure ka yi sallama. Zan amsa daga inda nake, da muryar nan da ka san ina kiran awaki da ita. Kowa ya ji, mai tsiya ta yi.

Ka gaida Asabe, ka ce ta riƙa sa rigar sanyi, ta bar ɗaukar ruwa. Ka yayyafa wa Gajera ruwa yau ɗin nan, kada ta ƙara kwana biyu a duro. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya tsare fitarku da shigarku, Ya raba ka da mugun aboki da mugun shugaba, Ya sauki Asabe lafiya, Ya dawo mini da ku ina da rai. Amin.

Saura abu ɗaya. Ranar da muka iya haɗa baƙaƙe, malamar ajinmu ta ce kowacce ta rubuta sunan da ta fi so a kan allo. Na rubuta, na goge kafin ta iso kaina. Wannan kuwa biro ne, ba ya gogewa. Shekaranjiya ka katse ni a na biyu, to ga na ukun.

Idrisu.

Allah Ya yi maka albarka, ɗana.

Ni ce mahaifiyarka.